Jagorar Aikin Mashal a Filin Tseren Motoci: Katangar Tayoyi, Tutoci da Tunkarar Haɗari

Duk mai kallon tseren Formula 1 a talabijin ya san mutanen nan masu kaya ruwan lemo da ke tsaye bayan shinge, waɗanda kyamara ba ta waiwayarsu sai mota ta kwaɓe. Su ake kira mashal. Yawancinsu 'yan sa-kai ne, maza da mata, kuma babu tseren da hukumar FIA mai kula da wasannin motoci a duniya za ta bari a tayar in ba su kama wurarensu ba. Ƙa'idojin aikinsu na cikin wani sashe na dokokin hukumar mai suna Appendix H. A nan za mu bi aikin yadda yake tafiya, tun daga shirin safe har a ɗauke motar da ta yi haɗari a sake buɗe hanya.

Abin da ake fara cusa wa sabon mashal shi ne jerin waɗanda zai kare. Na farko kansa, sai abokan aikinsa da 'yan kallo, sai direba, mota ce ta ƙarshe. Wani zai ji kamar son kai ne, amma da jini aka rubuta wannan jeri. A watan Maris na 1977, a filin Kyalami na Afirka ta Kudu, motar Renzo Zorzi ta tsaya a gefen hanya da 'yar wuta a bayanta. Mashal biyu suka tsallaka titi da gudu ba tare da izini ba. Na biyun, Frederik Jansen van Vuuren, ɗan shekara 19, yana ɗauke da tukunyar kashe gobara mai nauyin kilo 18. Tom Pryce ya hauro wani tudu da gudun kusan kilomita 270 a sa'a, bai gan shi ba. Yaron ya mutu nan take, tukunyar kuma ta daki Pryce a ka, shi ma ya mutu. Wutar da suka ruga kashewa ba ta kai ta kawo ba.

Mataki na farko: kayan jiki

Sa kayan auduga daga ciki har waje. Yadin leda yana narkewa ya manne da fata in wuta ta lashe shi. A sama akan sa rigar aiki haɗe da wando, ruwan lemo, wadda aka sarrafa don kada ta kama wuta da wuri. Sai takalmi mai rufe idon sawu, safar hannu ta fata irin ta masu walda, usur, abin toshe kunne, da ruwan sha mai yawa. Kada ka sa hula ko rigar ruwa ja ko rawaya. Direban da ke tafe a guje launi kawai yake gani, yana iya ɗaukar rigarka a matsayin tuta ya taka birki a inda bai kamata ba.

A taron safe shugaban rumfarku, wato wurin da ƙungiyarku ta mashal ke tsayawa a gefen hanya, zai raba aiki: masu tuta, masu shiga hanya, masu kashe wuta, da mai riƙe da oba-oba. Ka haddace lambar rumfarka da ta gabanka da ta bayanka. Dokar FIA ta ce kada tazarar rumfa da rumfa ta wuce mita 500, kuma kowace ta riƙa hango maƙwabciyarta, don kada a sami taƙin hanya ko ɗaya da ba ido a kansa.

Mataki na biyu: duba shinge kafin mota ta fito

Ba kowane shinge ne ya dace da kowane wuri ba, kuma abin da ke raba su shi ne yadda mota za ta zo ta dake shi. A miƙaƙƙiyar hanya mota takan gogi shinge ne a kaikaice, saboda haka ana son abu mai santsi wanda za ta bi jikinsa tana rage gudu: kankare, ko shingen ƙarfen nan mai hawa uku. Tayoyi a irin wannan wuri haɗari ne, don za su cafke motar su juya ta, ko su cillo ta tsakiyar titi. A ƙarshen kwana mai tsanani kuwa, inda wanda birki ya yaudara zai zo gaba-gaɗi, ana son abin da zai lotsa ya shanye ƙarfin dukan. Nan ne gidan katangar tayoyi.

Da can damin ciyawa ake jerawa. A Monako a 1967 motar Lorenzo Bandini ta daki irin wannan dami ta kife ta kama da wuta, ciyawar ta ƙara rura ta, ya rasu bayan kwana uku. Bayan 'yan shekaru aka hana ciyawa a manyan tsere, taya ta gaje ta. Yau akwai sababbin dabaru, kamar tubalan roba na Tecpro da ake gani a filayen cikin gari, da shingen SAFER da aka fara kafawa a filin Indianapolis na Amurka a 2002. Duk da haka taya ba ta tsufa ba. A filin Silverstone na Ingila a 2021 Max Verstappen ya daki katangar tayoyi a kwanar Copse da ƙarfin da aka auna 51G, wato nauyin jikinsa sau 51, ya kuma fito da ƙafarsa.

Sai dai tara tayoyi kawai ba katanga ba ce. Ga yadda ake haɗa ta:

A zaɓi tayoyin ƙananan motoci masu girma ɗaya. Wadda ta cinye har waya ta fito a ajiye ta gefe, ba ta da sauran ƙarfin turjiya. Tayar tirela ta yi tauri da yawa, dukanta bai da maraba da dukan bango.

A ɗora su kwance, ɗaya kan ɗaya, biyar ko shida, har tsayin ya kai aƙalla mita ɗaya, ko ya yi daidai da shingen da ke bayansu.

A huda gefen kowace taya a ɗaure ta da ta samanta da ta ƙasanta da kusa mai noti, a sa faffaɗar wosha ta kowane ɓangare don kada notin ya yaga roba ya fice. Sannan a ɗaure kowane jeri da na kusa da shi, hagu da dama, gaba da baya. Wannan ɗaurin shi ne ruhin aikin. In mota ta daki wuri ɗaya, tayoyin da ke nesa da wurin ma suna jan nasu kason, sai ƙarfin ya bazu. Tayar da ba a ɗaure ba kuwa tashi take yi sama, ta sauka kan direba, ko mashal, ko ɗan kallo.

A yi layi biyu, uku, har shida, gwargwadon gudun da ake shigowa kwanar da shi. A wasu wurare ana zura bututun roba mai kauri a ramin kowane jeri don ya ƙara masa tauri.

A lulluɓe fuskar da ke kallon titi da bel ɗin roba mai kauri, irin wanda ke jan kaya a masana'antu, a ɗaure shi da kusoshi masu sulɓin kai. Aikin bel ɗin shi ne hana hancin mota kutsawa tsakanin tayoyi. A Spa ta Beljiyam a 2001 motar Luciano Burti ta nutse cikin tayoyi har suka danne masa kai, sai da aka yi ta janye su kafin a kai gare shi.

A ƙarshe a ɗaure katangar gaba ɗaya da shingen ƙarfe ko kankaren da ke bayanta, a kuma huda ƙasan tayoyin don ruwa ya riƙa tsiyayewa. Ruwan da ya kwanta yana ƙara musu nauyi, ga shi kuma gidan sauro.

Masu shirya wasan mota da na babur a filayen garuruwanmu, waɗanda ke zube tayoyi goma daga wurin mai faci su bar jama'a tsaye a jikinsu, su sani cewa wannan alamar hanya ce kawai, ba ta tare komai. Kariyar ɗan kallo ita ce nisa, da kuma hana kowa tsayawa a wajen kwana, inda mota ke nufa in ta ƙwace.

Kai mashal, da safe ka bi katangar sashenka da ƙafa. Ja bel ɗin ka ji ko ya saki. Leƙa ka ga ko akwai notin da ya fita, ko jerin da ya karkace, ko giɓin da ya buɗe tsakanin tayoyi da shinge. Duba ragar waya mai tare tarkace, musamman ƙofofin da ake bi a shiga hanya. Ta irin wannan ƙofa ce tayar motar Jacques Villeneuve ta bi ta kashe mashal Graham Beveridge a Melbourne a 2001, watanni kaɗan bayan wata tayar ta kashe mashal Paolo Gislimberti a Monza ta Italiya. Abin da ka gani ka faɗa wa shugaban rumfa tun kafin a rufe hanya.

Mataki na uku: tsayuwa

Tsaye ake aikin nan muddin akwai mota a hanya. Ba zama, ba tsugunno, ba jingina da shinge, domin shinge yana motsawa in an dake shi. Ja baya kaɗan daga jikinsa, kuma kada ka tsaya saitin ƙofa. Tun kafin komai ya faru ka zaɓi inda za ka ruga, ka kawar da jaka da kujera daga wurin. Waya ta zauna a aljihu. Mashal mai ɗaukar hoto ɗan kallo ne da ya sami wuri mai kyau, ba shi da amfani ga kowa.

Masu tuta biyu suke tsayawa suna fuskantar juna. Mai shuɗiya yana kallon inda motoci ke fitowa, mai rawaya yana kallon inda suka nufa. Kowanne yana gadin bayan ɗan'uwansa. In mai shuɗiya ya ga mota ta nufo su, ba ya tsayawa bayani, fizgar abokinsa yake yi su bar wurin.

Mataki na huɗu: tutoci

Girman tuta aƙalla santimita 60 da 80, ja da ta ƙarshen tsere kuwa 80 da 100. A kaɗa ta da dukan hannu, a fili, inda idon direba ke sauka. Wadda ba a amfani da ita a naɗe ta a ɓoye, kada iska ta buɗe ta.

Rawaya ita ce uwar tutoci. Guda ɗaya ana kaɗawa tana nufin akwai haɗari a gefen hanya ko ya ɗan shigo cikinta: rage gudu, ba wuce wani, a shirya kaucewa. Biyu ana kaɗawa tare na nufin abin ya tare hanya, ko akwai mutane a kanta: a rage gudu sosai, a shirya tsayawa. Rumfar da ke gab da haɗarin ta ɓangaren da motoci ke fitowa ita ke ɗaga ta. In mota ta wuce ka ta kwaɓe, aikinka ne. In ta kwaɓe kafin ta iso ka, na maƙwabcinka ne, kai kore za ka ɗaga, mai nuna cewa daga nan hanya lafiya lau. Sababbin hannu sun fi yin kuskure a nan, sai su ɗaga rawaya ga direban da ya riga ya wuce haɗarin.

Wani kuskuren shi ne yawan ɗaga biyu a kan ƙaramin abu. In ka saba wa direbobi da haka, ranar da abokanka ke tsakiyar titi ba za su ɗauke ƙafa daga totur ba. Haka kuma da an kawar da haɗari a sauke tuta nan take.

Mai ratsin ja da rawaya ba a kaɗa ta, miƙe ta ake yi. Tana cewa akwai santsi a gaba, baƙin mai ne ko ruwa. Hancinka da idonka ne za su gaya maka: mota ta wuce tana hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, ka ga wani baƙin layi yana sheƙi a bayanta, ko ka ga motoci biyu a jere sun yi wutsiya a wuri ɗaya.

Fara tana nufin akwai abin hawa mai tafiya a hankali a gaba, motar asibiti ko motar tsere da ta sami matsala. A Amurka ma'anarta daban ce, zagaye na ƙarshe take nufi, saboda haka a karanta dokar gasar da ake yi.

Shuɗiya ta fi kowacce wuyar sarrafawa. A lokacin gwaji tana gaya wa direba cewa wanda ya fi shi gudu na bayansa. A cikin tsere ana nuna ta ne kawai ga wanda za a zagayo a wuce, wato wanda na gaba suka riga shi da zagaye guda. Biyu masu kokawar matsayi ɗaya ba ruwanka da su. Dole mai wannan tuta ya riƙe jerin motoci a ka, ya san wane ne na ɗaya da wane ne kurar baya, ko bayan an shiga canjin tayoyi komai ya cakuɗe. Shi ya sa ba a ba baƙo ita.

Ja tana tsayar da tsere gaba ɗaya, kuma ba mashal ke yanke wannan hukunci ba. Daga ɗakin kula da tsere umarni ke zuwa, sai kowace rumfa ta kaɗa tare. Ko me ka gani, naka shi ne rawaya biyu da rahoto.

Sauran a layin farawa ake nuna su tare da lambar mota. Baƙa tana kiran direba ya shigo gareji, yawanci an kore shi ke nan. Baƙa mai da'ira ruwan lemo tana cewa motarka na da lahani mai haɗari, shigo a gyara. Rabin baƙi rabin fari gargaɗi ne kan rashin ɗa'a. Mai gidan dara, baƙi da fari, ita ce ta ƙarshen tsere. A manyan filaye yanzu akwai allunan fitila masu nuna waɗannan launuka, amma mutum ne ke tsaye yana danna su.

Mataki na biyar: mota ta daki shinge

Tuta ce ke fara fita, ƙafa na baya. Ka dakata ƙura ta lafa, domin abin da ya kwashe mota ta farko, mai ne ko ruwa, yana nan yana jiran ta biyu. Mai oba-oba ya yi magana a taƙaice: lambar rumfa, lambar mota, tana kan titi ko gefe, hagu ko dama, direba yana motsi ko a'a, akwai wuta ko babu, me ake bukata. Abin da ido ya gani kawai za a faɗa, ban da hasashe, kuma ba a ambaton sunan direba ko girman rauninsa, don ba ka san wa ke saurare ba.

Ba a shiga hanya sai da izini. In an ba ku, ku bi ta bayan shinge har ku zo saitin motar sannan ku fito. Ku sa motar tsakaninku da motocin da ke tahowa, fuska na kallonsu, mutum ɗaya kuma ya tsaya da usur ba abin da yake yi sai gadi. Tsallaka titi haramun ne sai an tsayar da motoci ko an tattara su bayan motar kariya, wadda ke shiga gabansu ta rage musu gudu. Har yanzu ana mantawa: a Bahrain a 2020 wani mashal ya gilma da gudu a gaban Lando Norris da tukunya a hannu, Allah ne ya kiyaye.

Ka tunkari direba ta inda zai gan ka, don kada ya juya wuyansa. Yi masa magana, ka nemi ya ɗaga babban yatsa. In bai amsa ba, ko ya ce wuya ko baya na ciwo, kada ka cire masa hular kwano, kada ka ja shi. Ɗaga hannu ka kira likitoci. Wuta ce kaɗai ke sa a fitar da shi ba jira. In ya fito da kansa, riƙe shi ka kai shi bayan shinge, domin wanda ya sha irin wannan duka yakan miƙe ya nufi tsakiyar titi bai sani ba.

A jikin motar akwai alamomi biyu da ya kamata ka sani tun a gareji. Walƙiya ja cikin shuɗin kusurwa uku ita ce makunnin da ke yanke wutar mota. Harafin E ja cikin farar da'ira shi ke sakin abin kashe gobara na cikin motar. Motoci masu haɗa fetur da babban batir, kamar na Formula 1 tun 2014, suna da fitila a sama: kore a taɓa, ja kuwa kada a kusanta sai da safar roba ta masu aikin lantarki.

In da wuta, ku zo biyu-biyu, iska na bayanku. Mai hoda ne ke fara fesawa a gindin wutar, yana sharewa hagu da dama, don ya kwantar da harshenta. Mai kumfa ya biyo ya lulluɓe man ya sanyaya ƙarfe, in ba haka ba za ta sake tashi. Wurin zaman direba ake fara nufa, injin ya jira. Haka aka yi wa Romain Grosjean a wancan tseren na Bahrain, da motarsa ta tsaga shingen ƙarfe ta rabu biyu: mashal ya kora wutar daga inda yake, likita Ian Roberts ya kamo shi ya tsallako, bayan kusan daƙiƙa 28 a cikin wuta. A Zandvoort ta Holand a 1973 mashal ɗin da ke wurin ba su da kayan da za su kusanci wuta, direba David Purley ya yi ta fama shi kaɗai ya kasa ɗaga motar Roger Williamson. In wuta ta mutu kada ka juya mata baya, ja da baya kana kallonta.

Mataki na shida: ɗauke mota da buɗe hanya

Mutane sukan saki jiki a nan, alhali nan ma ana mutuwa. A Suzuka ta Japan a Oktoban 2014, ana ruwan sama, katafila na ɗauke motar Adrian Sutil ƙarƙashin rawaya biyu, sai Jules Bianchi ya sulɓe a wuri ɗaya ya shige ƙarƙashin katafilar. Ya rasu a Yulin 2015. Daga nan aka kawo tsarin VSC, wanda ke tilasta wa kowace mota rage gudu zuwa wani ma'auni a lokaci guda. A Kanada kuma a 2013, mashal Mark Robinson yana rakiyar motar da aka ɗaga, oba-obarsa ta faɗi, ya sunkuya ɗauka ya yi tuntuɓe, motar ɗaukar kayan ta taka shi. Saboda haka kada babbar mota ta shiga sai an karya gudun tsere, kada ka yi tafiya a gabanta ko ƙarƙashin abin da ta ɗaga, kuma ka tsaya inda direbanta ke ganinka. Abin da ya faɗi a bar shi sai ta wuce.

Tarkace da safar hannu ake ɗauka, don ɓaraguzan jikin motar tsere sun fi reza kaifi, faifan birki kuma yana ƙona fata ko bayan mintoci. In abu ɗaya ne a titi kuma lokaci ya ƙure, shure shi gefe da ƙafa ya fi sunkuyawa. Baƙin mai a barbaɗa masa garin siminti ko hodar da ke tsotse mai, kaɗan-kaɗan, a goga da tsintsiya mai sanda, sannan a share. In aka zuba da yawa, motar farko za ta tayar da ƙurar da za ta rufe wa na bayanta ido.

Sai a koma kan katanga. Jerin da ya goce a tura shi mazauninsa, bel ɗin da ya yage a ɗaure ko a sauya, tukunyar da aka fasa a kawo cikakkiya. In katangar ba ta koma yadda take da safe ba, shugaban rumfa ya faɗa wa ɗakin kula da tsere ƙarara cewa ba a shirya ba, ko da masu talabijin na ƙorafi. In ta koma, ya ƙirga mutanensa ya tabbatar kowa na bayan shinge, sannan ya ba da rahoton hanya ta buɗe. Mai oba-oba kuma ya rubuta lokaci, lambobin motoci da abin da ya gani tun bai manta ba, domin alƙalan tsere za su nemi takardar.